Yadda Na Saci Kekena

A shekarun da na fara aikin koyarwa, kafin a ba mu mulkin kai, a Fagge nake zaune, wajen Kwaciri, cikin wani gidan haya mai soro biyu. Mai gidan wani dattijo ne Bayarabe, ɗan kasuwar atamfa, wanda ya zo Kano tun yana saurayi, ya yi aure a nan, ya je Makka daga nan. Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi. Kowa a layin Baba yake ce masa, ni ma haka na tarar, haka na bi.

Abin da na fara mallaka da gumina shi ne keke. A Kantin Kwari na saye shi, baƙi wuluk, da ƙararrawa da kariya a baya. Ina goge shi kullum da safe kafin in goge takalmina. In na shiga makaranta a kansa, har hedimasta sai ya ɗan kalle ni ta gefen ido.

A lokacin masu tsaron gari iri biyu ne. Mu a Fagge muna hannun 'yan doka, na En'e, masu jar dara da kulki, wanda suka kama sai gaban alƙali. Sabon Gari kuwa 'yan sandan gwamnati ne ke faɗa a ji, masu gajeren wando da doguwar safa, suna da caji ofis ɗinsu, nasu mai laifin sai gaban majistare. Ban san abin da takardun Turawa suka ce game da iyakar kowa ba. Abin da na sani akwai wani titi tsakanin unguwannin biyu, masu tallan koko suna tsallake shi, awaki suna tsallake shi, ɓarayi ma suna tsallake shi, amma masu kaki in sun zo bakinsa sai su tsaya.

Ranar da abin ya faru na je aski ne da hantsi, ranar Asabar. Wanzamin yana zama gindin wata dalbejiya ba nisa da titin nan. Na jingine keken a jikin bishiyar, na tsuguna, ya jiƙa mini kai. Ya aske ɓarin dama ke nan na ji ƙarar ƙararrawata. Na ɗago, sai ga wani siririn mutum a kan sirdina, ya miƙe hanya yana taka feda kamar gadon ubansa.

Na zabura da kumfa a ka, ina ihun ɓarawo. Allah ya sa akwai wani kofur na 'yan doka a kusa, ƙaton mutum mai tumbi, yana cin gyaɗa a kan benci. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya tashi, ya busa usur, ya bi ni a guje, dara a hannu ɗaya kulki a ɗaya. Mun kusa cim ma mutumin, don yashi ya riƙe masa taya. Sai ya hau kwalta, ya tsallaka. Ni ma na tsallaka. Da na waiwaya in ce wa kofur ya tare ta hagu, sai na hange shi tsaye a bakin titi yana mai da numfashi.

"Kofur, ga shi nan! Ga shi nan fa!"

"Na gan shi, Malam," in ji shi. "Ya fita ƙasarmu."

"Wace ƙasa? Taku nawa ne?"

"Ko taku ɗaya ne, can ba namu ba ne. In na taka da kakin nan, ni za a fara kamawa."

Ɓarawon da alama ya fi ni sanin doka, don da ya ji usur ya yi shiru sai ya rage gudu. Har ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa ya gyara hularsa, sannan ya shige wani layi ya ɓace. Na tsaya a tsakiyar mutanen Sabon Gari, rabin kaina a aske, mata masu sayar da gari suna nuna ni suna dariya.

Haka na wuce caji ofis. A bayan kanta na tarar da wani saje, tsohon soja ne, an ce har yaƙin Bama ya je, gashin bakinsa a murɗe. Hausar bariki yake yi, gajere-gajere, kamar yana ba da umarni a fareti. Ya kalli kaina tukuna, sannan ya kalli fuskata.

"A ina aka sace?"

"A Fagge, Yallaɓai."

"To me ka zo yi nan?"

"Ɓarawon nan ya shigo. Yanzun nan, a kan idona."

"Ya yi sata a nan?"

"A'a, a Fagge ya yi."

"To a nan mutumin kirki ne," in ji saje. "Je ka wajen masu jar hula su rubuto mana."

Na koma wajen masu jar hula. Kofur ya karɓe ni da fara'a kamar tsohon aboki, ya ba ni wurin zama, ya bayyana mini yadda ake rubutowar. Shi zai gaya wa na gaba da shi, na gaba da shi ya kai cikin birni, daga birni a aika Nasarawa wajen Bature, Baturen ya aika wa Baturen 'yan sanda, shi kuma ya sauko da ita har kan kantar saje. Wato sai takarda ta zagaye Kano kaf kafin ta tsallake titin da akuya ke tsallakewa tana tuƙa. Na tambaye shi yaushe za ta isa. Ya ce akwai wadda aka aika kan batun wani jaki tun bara, ana sa rai.

Na koma wajen wanzami ya ƙarasa mini askin. Shi kaɗai ne ya gama aikinsa a ranar.

Daga nan na koma tafiyar ƙasa. Baba yana ganina kullum ina fita da littattafai a hammata, sai wata rana bayan sallar la'asar ya kira ni soro.

"Malam, keken da aka sata ba ya zuwa Ikko," ya ce. "Je ka wajen masu hayar keke a bayan kasuwar Sabon Gari. Ka duba da ido. Bakinka kuwa ka bar shi a gida."

Na je. Rumfa ce ta kwano, kekuna jere kamar dawaki a turke. Mai hayar wani mutum ne mai faram-faram, Bahaushe ɗan'uwana, da haƙorin Makka da carbi a wuya. Na yi kamar mai wucewa. A can ƙarshen layi na ga wani kore shar, sabon fenti har yana ɗaukar ido. Amma kariyarsa tana da tabon walda a ƙafar hagu, inda ta taɓa karyewa ranar da na ɗauko wa innata buhun dawa. Na sa yatsa na taɓa ƙararrawar, ta yi kukan nan nata mai ɗan dishi. Kekena ne. Na yi gaba.

Na sake komawa wajen saje. Ya ce shi bai ga takarda ba har yanzu, kuma kore ba baƙi ba ne. Na sake komawa wajen kofur. Ya girgiza kai, ya yi salati, ya tsine wa ɓarayi da masu sayen kayansu, sannan ya ce:

"Malam, ni dai da keken nan zai shigo Fagge, ko da ƙafarsa ya shigo, da ka ga aiki. Wallahi da ka ga aiki."

Wannan magana ita ta kwana a raina. Ni malamin makaranta ne, ina koyar da lissafi, sai na lissafa. Idan doka ba za ta je wajen keke ba, ai keke yana da taya. Ban shawarci Baba ba, don na san abin da zai ce.

Washegari na sa riga mai kyau na je rumfar. Na ce ina son haya zuwa azahar. Mai haya ya ce in zaɓa. Na yi ta dube-dube kamar ban san wanda nake so ba, na matsa tayar wannan, na gwada birkin wancan, sannan na nuna koren. Na biya kuɗin hayar kekena, na hau. Sirdin ya gane ni. Na bi layi a hankali har na fita idonsa, daga nan na taka da ƙarfi, na tsallake titi, ban tsaya ko'ina ba sai ƙofar ofishin 'yan doka, ina kaɗa ƙararrawa kamar ango.

Kofur ya fito, ya zagaya keken, ya duba tabon walda, ya ce lalle ilimi ba ƙarya ba ne. Ya tura shi ciki, ya ce yanzu ya zama kayan shaida, in zauna in huta a kawo mini ruwa. Na zauna a benci ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi.

Azahar ta wuce, ana shirin la'asar, sai na hango mutum biyu sun nufo mu daga wajen titi. Ɗaya mai haya ne. Ɗayan saje ne, da kakinsa da safarsa da gashin bakinsa, yana tafe a tsakiyar Fagge ba wanda ya kama shi. Kofur ya taso da sauri, suka tafa, suka tambayi iyali, aka fasa goro aka raba uku. Ni ba a ba ni ba. Daga baya na ji cewa mai hayar nan ba ya karɓar ko anini daga mai kaki, ja ce hularsa ko baƙa, duk wanda ke da ɗaurin aure ko suna a nesa wajensa yake zuwa ya ɗauki keke.

Saje ya nuna ni da sandarsa.

"Wannan ya karɓi keken haya a Sabon Gari, bai mayar ba. Laifi a ƙasarmu. Mun zo tafiya da shi."

"Daidai ne," in ji kofur. "Malam, tashi."

"Kofur, kai fa ka ce in ya shigo Fagge zan ga aiki!"

"To ga shi kana gani."

"Ina takardar?" na ce. "Ina takardar da za ta bi ta birni, ta bi ta Nasarawa? Yaushe ta iso?"

Kofur ya dube ni da tausayi, irin kallon da nake yi wa yaron da ya kasa jadawalin biyu.

"Haba Malam. Tsakaninmu da su ai akwai zumunci. Ba komai ne sai da takarda ba."

Zumuncin bai yi nisa ba. Saje ya ce a fito da keken, don da shi za a gabatar da ni. Nan kofur ya tsuke fuska, ya tare ƙofa da tumbinsa. Ya ce keken nan shaida ne a kan satar da aka yi a Fagge, ba ya barin Fagge sai alƙali ya gan shi. Saje ya ce shaida ne a kan satar da aka yi a Sabon Gari. Kofur ya ce tasu satar ta riga. Saje ya ce tasu ce ke da ɓarawo a hannu. Suka yi ta yi, murya tana hawa, har saje ya koma Turanci kofur ya koma ashar, mai haya yana tsakani yana ba kowa haƙuri. A ƙarshe aka yi raba-daidai. 'Yan doka suka riƙe keke, 'yan sanda suka tafi da ni. Kofur da kansa ya raka mu, yana riƙe da gefen rigata, ya tsallaka titin nan da ƙafafunsa biyu har ƙofar caji ofis, ba abin da ya same shi.

Aka sa ni bayan kanta tare da wani mashayi da ke ta rera waƙar coci, da wani direba da ya take agwagwar mutane. Ban daɗe sosai ba. Kafin magariba Baba ya iso cikin babbar riga, yana tafe a hankali kamar wanda ya zo duba haja. Ya gaisa da saje, suka ɗan yi magana ƙasa-ƙasa, ya tsaya mini beli. Muka tsallako Fagge tare. Sai a ƙofar gida ya tsaya yana cire takalmi, ya ce:

"Malam, na ce ka je ka duba. Ban ce ka je ka yi wayo ba. Wayo a garin nan akwai masu shi."

Daga nan shari'a ta tsaya cak ta kowane ɓangare. Majistare ba zai saurari ƙarata ba sai an kawo keke. Alƙali ba zai saurari ƙarar keke ba sai an kawo ɓarawo, ɓarawo kuma yana Sabon Gari inda yake mutumin kirki. Ni kuwa aka ce duk mako in je caji ofis in nuna fuskata, kada in gudu. Hedimasta ya daina kallona ta gefen ido, ya koma kallona kai-tsaye, ya ce malami mai shari'ar sata ba abin koyi ba ne ga yara, in yi ƙoƙari in gama da ita.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk ranar da na kama hanyar caji ofis a ƙasa, sai in ji ƙararrawa mai dishi a bayana. Kofur ne a kan kayan shaida. Ya ce in aka bar keke a ajiye tsatsa yake yi, shi kuwa amana aka ba shi, ba zai bari ta lalace ba. Na gan shi da itace a kariya, na gan shi da buhun gawayi, na gan shi da matarsa da goyo. Kullum sai ya tsaya ya gaishe ni cikin ladabi, ya tambayi makaranta. Wata rana da rana ta yi zafi har ya ce in hau baya ya rage mini hanya zuwa bakin titi. Na hau. Ƙafata ma tana ciwo, ba zuciyata kaɗai ba.

Haka muka ci damina. Da kaka ta yi sai labari ya bazu cewa wani sabon Bature zai zagayo duba ofisoshin masu kaki, na En'e da na gwamnati duka, kuma an ce ba ya son ganin ƙarar da ta kwana ba dalili. Ba a yi kwana nawa ba sai ga baƙi a soron Baba bayan la'asar: kofur, saje, da mai haya. Baba ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo shayi, aka kira ni.

Saje ne ya yi bayani, don shi ya tsara abin. Mai haya zai je caji ofis ya ce shi bai taɓa ba ni hayar keke ba, ruɗewa ya yi. Ƙarar Sabon Gari ta mutu. Ni kuma in je ofishin 'yan doka in ce ba a taɓa sace mini keke ba, mantawa na yi inda na ajiye shi. Ƙarar Fagge ta mutu. Keke kuma, tunda ba wanda ya sace shi kuma ba wanda ya ba da hayarsa, sai ya koma wajen mai shi.

"To ɓarawon fa?" na ce.

"Wane ɓarawo, Malam?" in ji kofur. "Ai ba a yi sata ba."

"Kai ka bi shi da usur!"

"Ni kullum ina busa usur."

Na juya wajen mai haya na ce shi dai ya san wanda ya kawo masa keken. Ya ja carbinsa, ya ce shi mutane da yawa suna kawo masa abubuwa, kuma a wannan sulhu shi ne ya fi kowa asara, ga keke ga fenti, amma ya yafe saboda Allah da darajar Baba. Saje ya ce a yi masa godiya. Na fara magana a kan gaskiya da amana da abin da muke koya wa yara a aji, har na miƙe tsaye. Su ukun suna kurɓar shayi suna saurare kamar masu jin wa'azi a bakin kasuwa. Baba ya bari na gaji, sannan ya ce:

"Zauna, Malam. Keke kake so ko gaskiya? Yau ɗaya ake bayarwa."

Na zauna. Na ce keke.

Washegari na je ofishin 'yan doka. Akwai wani tsohon malami mai rubuta musu ƙara, da tabarau ɗaure da zare. Na tsaya gabansa na ce na tuna, ba sace keken aka yi ba, ajiye shi na yi na manta. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"A ina ka ajiye shi?"

"A Sabon Gari."

"Baƙi ka ajiye, ka tarar da kore?"

"Haka Allah ya so."

"Kai ne malamin da ke koya wa jikana lissafi?"

Na ce ni ne. Ya yi ajiyar zuciya, ya rubuta, ya ce Allah ya kyauta.

Kofur ya turo keken da kansa. Tayoyin sun suɗe sumul, birkin baya ya tafi, sirdin ya lotsa ya ɗauki siffar mazaunin da ba nawa ba. Ya miƙo mini shi da hannu biyu, ya ce in duba da kyau, ko ɗigon tsatsa babu. Da gaskiyarsa, babu.

Baturen ya zo ya tafi. An ce ya yaba ƙwarai da yadda ɓangarorin biyu ke aiki tare, har ya ce a yi koyi da su a wasu garuruwa.

Ban ƙara shekara a Fagge ba aka yi mini canji zuwa wata makaranta a ƙauye. Ranar tafiya Baba ya ba ni turmin atamfa in kai wa innata, ya raka ni tasha. Ana ɗaure keken a saman mota sai ga kofur ya iso a ƙasa, yana haki, gumi ya jiƙa masa dara. Ya ce ya ji labari ne ya ce ba zai bari in tafi ba sallama ba. Ya gaya wa yaran mota su sa tsumma a ƙarƙashin igiya kada ta ci fenti, ya ce mini in riƙa sa wa sarƙar mai don tana son mai. Ni ya yi wa addu'ar sauka lafiya, amma saman motar yake kallo, har motar ta sha kwana.